Gidan Gaba a Jirgi Mai Dogo Ɗaya

Wasiƙu uku ne suka haɗu a kan magana ɗaya a wannan fitowa, dukkansu daga masu karatunmu na Maradi da kewaye. Suna tambaya ne a kan jirgin nan da ke tafiya a sama bisa dogo guda ɗaya a manyan wuraren shaƙatawa na duniya, wanda Turawa ke kira monorel, da kuma yadda mutum zai samu wuri a can gaba inda ake ganin hanya. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba a wannan fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, ina zaune a unguwar Zariya, kuma shekara da shekaru ina zuwa Dubai sarin kaya ni kaɗai. A bana na yi niyyar tafiya da iyalina idan an yi hutun makaranta. Autana, mai shekara 9, ya ga wani bidiyo a wayar yayansa, inda aka nuna yara zaune kusa da direban wani jirgi mai tafiya a sama a ɗaya daga cikin wuraren wasa na Disney, har direban ya ba su wani ɗan kati. Tun daga ranar ba shi da zance sai na jirgin nan. Ni kuma da na tuna na taɓa hango irinsa a Dubai, sai na yi suɓutar baki na ce masa zan zaunar da shi a gidan gaba. Yanzu abin ya tsaya mini a rai, domin ban taɓa yi wa yaron nan alkawari na saɓa ba. Shin jirgin Dubai irin wancan ne? Nawa ake biya a samu gidan gaba, kuma wa ake gani?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya yaron, ya sa ku je lafiya ku dawo lafiya. Bari in fara da abin da zai kwantar maka da hankali: gaban jirgin Dubai yana samuwa, ba a ƙara ko dala a kan kuɗin tikiti domin a same shi, kuma babu wanda ake gani. Sai dai akwai abu biyu daga cikin abin da yaron ya kalla waɗanda ba zai tarar ba a can, wato direba da ɗan katin, domin jirgin Dubai ba shi da direba, na'ura ce ke tuƙa shi. Shawarata ita ce ka zaunar da shi ka gaya masa wannan tun kuna Maradi, kafin a ɗaure kaya. Yaro mai shekara 9 yana iya ɗaukar gaskiya idan ta zo masa daga bakin mahaifinsa a tsakar gida, amma idan sai ya shiga jirgin ya waiga bai ga direba ba, zai ɗauka cewa an yi masa wayo ne, kuma wannan shi ne abin da kake gudu.

Da yake mu a nan jirgin ƙasa labarinsa muke ji, har yanzu muna zuba ido ga layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai taso daga Kano ya biyo ta Daura da Katsina da Jibiya ya iso Maradi, ya dace in ɗan bayyana yadda wannan jirgi yake, domin ka samu abin da za ka gaya wa yaron. Jirgin ƙasa da aka sani yana tafiya da ƙafafun ƙarfe a kan dogo biyu da aka shimfiɗa. Shi kuwa wannan, siririyar katangar kankare ce guda ɗaya aka ɗora a kan dogayen ginshiƙai, jirgin ya hau ta ya rungume ta dama da hagu, kamar yadda mahayi ke matse doki da ƙafafunsa. Tayoyinsa na roba ne, wasu a sama suna ɗauke da nauyi, wasu a gefe suna riƙe da katangar don kada ya karkace, wutar lantarki kuma yana jan ta ne daga sandunan da aka manna a jikin katangar. Shi ya sa ba ya yawan ƙara, shi ya sa kuma ake rububin gabansa. Wanda ya zauna a gefe gine-gine yake gani suna wucewa kamar a kowace mota, wanda ke gaba kuwa yana ganin hanyar da ba ta kai faɗin tabarma ba ta miƙe a sarari, babu komai a damanta, babu komai a hagunta.

Jirgin da ka hango shi ne na tsibirin Palm Jumeirah, wanda aka gina cikin teku da siffar itacen dabino. An buɗe shi a watan Afrilu na 2009, kamfanin Hitachi na Japan ne ya ƙera shi, kuma tsawon hanyarsa ya ɗan haura kilomita 5. Yana tashi daga tashar Gateway da ke bakin tsibirin, ya bi ta tsakiyar kututturen dabinon, ya tsallaka ruwa, ya ƙare a otal ɗin Atlantis inda wurin wasan ruwa na Aquaventure yake. Taragu uku gare shi, tafiyar kuma kimanin minti 10 ce. Kada ka haɗa shi da metiron Dubai da ka saba shiga idan ka je kasuwa, wanda aka buɗe a watan Satumba na shekarar. Shi ma metiron ba shi da direba, amma a kan dogo biyu yake tafiya, kuma an keɓe wani sashe nasa ga masu tikiti mai tsada, wani kuma ga mata da yara, har akwai tara a kan wanda ya shiga inda ba nasa ba.

Mu mutanen Maradi mun san darajar gidan gaba. Wanda zai je Damagaram ko Katsina a motar haya, idan yana son ya miƙe ƙafa, yakan biya kuɗin mutum biyu, ko ya yi sammako ya aje jakarsa a kan kujera, ko ya sa ɗan kamasho ya tare masa wurin. A cikin dabarun nan uku sammakon ne kaɗai zai yi maka amfani a can. Ba a sayar da wurin, ba a tare wa wani, wanda ya riga shiga shi ke samu, don haka abin da za ka kashe lokaci ne. Ka zaɓi ranar aiki, daga Litinin zuwa Alhamis, domin tun daga 2022 hutun ƙarshen mako a Daular Larabawa ya koma Asabar da Lahadi, tare da rabin yinin Juma'a, kuma a waɗannan ranaku ne iyalai ke tururuwa zuwa wurin wasan ruwa. Ka je da hantsi, ka sayi tikitin zuwa da dawowa. Idan kun hau dandamalin da ake jiran jirgi, za ka ga ƙofofin gilashi a jere, sai ka tambayi ma'aikaci ta ina jirgin zai nufa, ku je ku tsaya a ƙofa ta ƙarshe ta wannan ɓangaren. Idan kun tarar wasu sun riga ku tsayawa, kada ka kutsa, kada kuma ka tura yaron ya ratsa ta tsakanin ƙafafun mutane. Ku ja gefe ku bar wannan jirgin ya tafi, da zarar ƙofa ta rufe ku matsa bakinta, kun zama na farko ke nan a jirgi mai zuwa.

Wannan dabara na gwada ta da kaina, ranar da na kai ɗan ƙanwata mai shekara 7. Mun tarar da mutane kusan goma a gabanmu, na riƙe hannunsa muka ja baya, jirgin ya cika ya tafi, shi kuma ya fashe da kuka yana cewa mun yi latti. Na durƙusa na nuna masa cewa yanzu babu kowa tsakaninmu da ƙofa. Da jirgi na biyu ya iso, ya saki hannuna ya nufi babbar tagar gaba, ya ɗora tafukansa biyu da goshinsa a kan gilashin. Muna tafe tsakanin dogayen gidaje yana ta surutu, yana ƙirga motocin da ke ƙasa, amma da hanyar ta bar tudu ta hau kan teku, otal ɗin ya bayyana a gabanmu da ƙatuwar ƙofar nan da ke tsakiyarsa, sai ya yi tsit. Can ya juyo, da shatin gilashi a goshinsa, ya ce, "Kawu, wa ke riƙe da mu?" Na daɗe ban ji tambayar da ta shiga raina kamar wannan ba, kuma saboda ita nake ganin wahalar da za ka sha ba asara ba ce.

Akwai wata rangwame da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Jirgin ba ya juya kai idan ya kai ƙarshen hanya, gaba biyu gare shi, wanda ya zama baya a zuwa shi ne gaba a dawowa. Idan kun rasa a zuwa, kuna da dama ta biyu a tashar Atlantis, sai dai ku tsaya a ƙofar da ke fuskantar gari. Idan kuma kun samu, Alhaji, ina roƙonka abu ɗaya: kai da mahaifiyarsa ku tsaya a bayansa ku riƙe ƙarfe, ku bar gilashin ga yara, domin wurin ba shi da faɗi, kuma babba ɗaya da waya a hannu yana iya tare wa yara uku gani. Idan wani yaron ya matso, ka koya wa naka ya ɗan gusa masa. A maimakon katin, ka ɗauke shi hoto ta baya yana kallon hanya, idan kun dawo Maradi a wanke hoton a rubuta kwanan wata a bayansa. Kafin ku fita daga masauki kuma, ka sa a bincika maka ko jirgin yana aiki a ranar, domin kowane jirgi akan tsayar da shi don gyara, kuma gara ku ji labarin a ɗaki da ku ji shi a bakin ƙofar tasha.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni dattijuwa ce a Tibiri, ɗiyata tana aure a Amurka da ƴaƴanta uku. Mun yi waya ta ce za su kai yaran wurin wasa na Disney, amma ta ji an hana kowa zama kusa da direban jirgin sama-sama ɗin nan. Ƙanen mijinta kuma ya rantse cewa shi ya shiga da ƴaƴansa, har da hoto. Gardama ta kaure a tsakaninsu. Wa ke da gaskiya, kuma me ya sa za a hana yara abin da ba ya cutar da kowa?

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ya raya jikoki. Kowanensu yana iya zama da gaskiya, domin wuraren Disney biyu ne a Amurka, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta haura kilomita 3,000, wato ta ninka tafiyar Maradi zuwa Yamai fiye da sau huɗu. Na farko shi ne Disneyland, a garin Anaheim na jihar Kalifoniya, wanda aka buɗe a 1955. Na biyu shi ne Walt Disney World, kusa da Orlando a jihar Fulorida, wanda aka buɗe a 1971. Kowane yana da jirginsa, kuma dokarsu ba ɗaya ba ce.

A Fulorida ɗiyarki ce ke da gaskiya. Jirgin can babba ne, layuka uku gare shi masu tsawon kusan kilomita 24, da jirage 12 masu taragu shida-shida, kowane ana gane shi da launin zanen da ke jikinsa, har akwai wurin da yake ratsawa ta cikin wani otal. Shekaru da dama an kasance ana barin mutum huɗu su shiga ɗakin direba idan sun roƙa, a ƙarshen tafiya a ba yara ɗan kati na wasa mai nuna cewa sun zama mataimakan direba. Irin katin da yaron Alhaji ya gani ke nan. Wannan al'ada ta ƙare a ranar 5 ga Yuli, 2009. Wajen ƙarfe 2 na dare, bayan an tashi daga bikin ranar ƴancin Amurka, an so a mayar da wani jirgi daga layinsa zuwa wani layin. A jirgi mai dogo ɗaya sauya layi ba ƙaramin aiki ba ne, domin sai an gusar da wani yanki na katangar kankaren ɗungurungum ya haɗe da ɗaya layin, sannan jirgin ya bi. A daren nan an ba direba izini ya ja da baya alhali yankin bai gusa ba, sai ya koma ta kan layin da ya fito, ya auka wa gaban wani jirgin da ke bayansa. Direban jirgi na biyun, saurayi mai shekara 21, ya rasu, fasinjoji shida da ke cikin jirgin kuma sun tsira. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa ba a daidaita mahaɗar layin ba, kuma ba a tabbatar da matsayinta ba kafin a ba da izinin tafiya.

Ki lura, Hajiya, wurin da ya murƙushe a daren shi ne daidai ɗakin da ake zaunar da yara. Tun daga lokacin aka daina barin fasinja ya shiga, kuma ni ina ganin an yi daidai. Ɗakin direba wurin aiki ne, mutum ɗaya ne a ciki yake ɗauke da rayukan ɗaruruwan mutane a sama da ƙasa, kuma na tabbata ke ma ba za ki so direban da ya ɗauko jikokinki a hanyar Yamai ya riƙa juyowa yana amsa tambayoyin yara huɗu ba. Don haka idan Fulorida za su, ki gaya wa ɗiyarki kada ta yi wa yaran alkawarin gaba, kada kuma ta matsa wa ma'aikata da roƙo, domin abin ba a hannunsu yake ba. Abin da za ta samu a can shi ne jirgin kyauta ne, ko wanda bai sayi tikitin shiga wurin wasan ba yana iya hawa, kuma layin da aka ƙara a 1982, mai zuwa Epcot, ɗaya daga cikin wuraren wasan da ke can, ya fi sauran tsawo, yana kuma zagayawa ta cikin wurin kafin ya tsaya, don haka wanda ke bakin taga ma yana shan kallo.

Ƙanen mijin nata kuwa, idan bayan 2009 ya ɗauki hotonsa, to alama ta nuna Kalifoniya ya je. Jirgin can shi ne tsohon, an buɗe shi a ranar 14 ga Yuni, 1959, bisa fasahar kamfanin Alweg na Jamus, kuma Richard Nixon, wanda yake mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, ya halarci bikin. Ƙarami ne, zagayensa kimanin kilomita 4 ne da tasha biyu kacal, kuma sai mai tikitin shiga wurin wasan yake hawansa. A can an ci gaba da barin mutane su zauna a gaba bayan haɗarin Fulorida, amma alfarma ce, ba haƙƙi ba, kuma akan dakatar da ita a wasu lokuta. Yadda ake yi shi ne, idan sun iso dandamali su gaida ma'aikacin da ke tsara layi, su tambaye shi cikin ladabi ko akwai damar zama a gaba, su gaya masa su nawa ne. Idan akwai, zai nuna musu inda za su jira, kuma suna iya ganin jirgi ɗaya ko biyu sun wuce kafin layi ya zo kansu, domin waɗanda ɗakin ke ɗauka ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba. Tunda su biyar ne, mai yiwuwa sai ɗaya daga cikin iyayen ya haƙura ya shiga taragon da ke biye, kuma gara su yanke wannan tun a gida da su tsaya suna shawara a gaban mutane. Akwai kuma irin wannan ɗaki a wutsiyar jirgin, mai babbar taga, inda ake ganin hanya tana ja da baya, kuma masu nemansa ba su kai na gaba yawa ba. Kada su miƙa wa kowa kuɗi da sunan goro, domin abin da muke ɗauka kyautatawa a nan yana iya jefa ma'aikacin cikin matsala a wurin aikinsa. Idan aka ce musu yau babu, su yi godiya su shiga inda aka nuna musu.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne daga Tasawa, zan tafi karatu Faransa. Shin akwai irin wannan jirgi a wurin Disney na Paris? Mahaifina kuma ya ce shi ya riga ya hau irinsa a aikin Hajji.

AMSA: Allah ya ba da sa'ar karatu. A Paris babu. Wurin, wanda aka buɗe a watan Afrilu na 1992 a Marne-la-Vallée, yana da ɗan jirgin ƙasa mai tururi irin na da, wanda ke zagaya shi a kan dogo biyu, kuma daga cikin birni ana isa can ne da jirgin gari da ake kira RER A, a sauka a tasharsa ta ƙarshe. Jirgin da Baba ya hau tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, wanda ya fara aiki a 2010, a sama yake tafiya bisa ginshiƙai, shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka cewa irin wannan ne, amma dogo biyu gare shi da ƙafafun ƙarfe. Idan wata rana hanya ta kai ka Japan, wurin Disney na Tokyo yana da jirgi mai dogo ɗaya tun 2001, mai tasha huɗu, wanda ake biyan kuɗin shigarsa kamar kowane jirgin gari. Na'ura ce ke tuƙa shi, ma'aikacinsa yana can baya yana lura da ƙofofi, a gaba kuma an jera kujeru suna fuskantar babbar taga, duk wanda ya riga isa ya zauna.